Yadda Na Kai Ɗana Gadirum da Bakina

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da takardar Sani ta iso unguwarmu Maamobi ba. Sani ɗana ne na fari, watansa shida da shiga soja. Lokacin na fara zuwa makarantar manya, don haka na ƙi ba kowa ya karanta mini (girman kai ne, na sani). Na bi rubutun da yatsa: "Mma, ba zan zo gida satin nan ba. Ina gadirum."

A shekarun nan babu 'yar kasuwar da ba ta san kalmar ba a Maamobi da maƙwabciyarta Nima. Can sojoji ke kai mutum, ya dawo an aske masa kai, bayansa duk shatar bulala.

Na bar wa maƙwabciyata tukunyar koko a wuta, na ja mayafi na shiga trotro, motar haya. Duk hanya ina salati ina tunanin me yaron nan ya yi. Abu ɗaya na tuno: takalmin soja da ya ba kawunsa makaniki na Abossey Okai.

A ƙofar bariki na tarar da wani saje dogo mai jin Hausa. Na zube a ƙasa.

"Ofisa, don girman Allah ka sakar mini Sani. In maganar takalmin ce, yana ƙafar kawunsa, yau zan karɓo."

"Wane takalmi, Mma?"

Ni kuwa na yi masa bayani tiryan-tiryan (har ranar da aka bayar na faɗa).

Ban rufe baki ba sai ga Sani ya fito, bindiga a kafaɗa, gashinsa kamar yadda na san shi.

"Mma! Me ya kawo ki?"

Sajen ya ɗaga ni a hankali. Ashe gadirum ɗaki biyu ne a gini ɗaya: gaba na masu gadi, ciki na waɗanda ake gadi. Sani satin gadinsa ne kawai ya zagayo.

"Ɗanki na ɗakin gaba ne, Mma," in ji sajen, yana danne dariya. "Amma yanzu da kika zo da wannan labari... Sani, ajiye bindiga, wuce ciki."

Kwana biyu ya yi a ɗakin ciki. Da ya zo gida gaishe ni kawai ya yi ya wuce ɗaki, wanda ya fi faɗa ciwo.

Tun daga ranar, in na je ba da haƙuri, shiru nake yi tukuna sai an faɗa mini laifin.