Bargon Hajiya a Kan Injin Motata

Ko zan manta da ranar ɗaurin aurena, ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Alhamis a watan Janairu ba, ranar da na tsaya a bakin titi a unguwar Congo-Russia ta Jos ina roƙon ƙasa ta tsage in shige, ita kuwa ta ƙi.

Ina da wata tsohuwar mota da yaran unguwarmu ta Kwararafa suke kira Dattijuwa. Da rana ba ta da laifi, ka murza makulli ta amsa. Amma da sassafe, in sanyin Jos ya sauko, sai ta yi "ƙyat" sau ɗaya ta yi shiru. Haka nan zan fito da rigar zuwa aiki ina bin maƙwabta da gaisuwar da kowa ya san ta neman turi ce.

Maƙwabcina Baba Pam tsohon bakanike ne, yana da gareji a Congo-Russia. Wata rana bayan ya taya ni turi yana haki, ya ce, "Oga Ticha, mota ɗin nan in ya yi ƙyat ya yi shiru, wuta ne bai kai ba. In ya juya ya ƙi kamawa, shi ne za ka duba fulogi da mai. Kawo in duba maka kan batir."

Na yi masa murmushin da nake yi wa ɗalibi idan ya ba da amsar da ta kusa daidai. (Kimiyya nake koyarwa a sakandare, kuma wannan ne asalin ciwona. Ban taɓa yarda akwai abin da sifana ta sani wanda alli bai sani ba.) Na yi masa bayanin yadda ƙarfe ke tsukewa a sanyi, da yadda baƙin mai ke yin kauri. Na ce motar ba ta da wata cuta, ɗumi kawai take so. Baba Pam ya goge hannunsa ya ce, "To, Oga," ya shige gida.

Da yammar ranar na shiga ɗakin baƙi neman abin da zan rufe inji da shi. A saman kabad na hango wani bargo mai kauri, ja, da manyan furanni. Na san na surukata ne, Hajiya, wadda take barinsa a gidanmu saboda a Kano ba ta da aikinsa. Na ce a raina kwana ɗaya dai, gwaji zan yi. Bayan magariba na buɗe bonet, na shimfiɗa shi a kan inji, na cusa gefensa sosai a kan batir, na danne da tafin hannu, na rufe. Da safe na zare shi, na murza makulli, Dattijuwa ta tashi bugu ɗaya. Sai da na taka totur sau uku don Baba Pam ya ji daga ɗakinsa.

Kwana ɗaya ya zama mako uku. Bargo ya sha baƙin mai, furanninsa suka koma kalar gawayi ta gefe guda. Da rana yana cikin but, da yamma yana kan inji, matata Binta kuwa ba ta sani ba, don cikinta ya tsufa, ba ta leƙa waje.

Sai Binta ta haihu, washegari Hajiya ta iso daga Kano. Tun daga ƙofa take haɗa haƙora don sanyi. Da ta zauna, bayan an gaisa an yi barka, abu na farko da ta nema shi ne bargonta. Binta ta sa aka duba saman kabad, aka zazzage akwatuna, aka leƙa ƙarƙashin gado. Ni ma na taya nema. Wallahi har da haska fitilar waya a bayan kujera.

"Baban Ummi, ka tabbata ba ka gan shi ba?" Binta ta tambaye ni a ɗaki, murya ƙasa-ƙasa. (Ummi ita ce babbar 'yarmu.) "Ka san fa Baba ne ya saya mata shi, zuwansu Jos na farko bayan bikinmu. Tun da ya rasu ba ta yarda kowa ya rufa da shi."

Ban sani ba sai a lokacin. Nan ne ya kamata mutumin kirki ya fita, ya buɗe but, ya dawo ya durƙusa. Ni kuwa sai na ji bakina yana cewa, "Anya ba a haɗa shi cikin kayan mai wanki ba?"

Aka aika wa mai wanki, dattijon da ya shekara shida yana mana wanki ko hankici bai taɓa ɓatarwa ba. Ya zo da kansa ya rantse. Hajiya ta ce a bar maganar, Allah ya sa iyakar asarar ke nan. Aka haɗa mata zannuwan gado biyu da wani siririn bargon Ummi. Kullum da safe in na je gaishe ta, sai in tarar da ita a dunƙule da safa biyu, tana cewa, "Malam, ku dai kuna haƙuri da garin nan." Sai in ce, "Ai kuwa, Hajiya," in sunkuyar da kai. Ita tana ɗauka kunyar suruki ce.

Na yi niyyar gyarawa, kada ku ce ban yi ba. Shirina shi ne in kai shi wani wurin wanki nesa da unguwa, in dawo da shi fes, in "tsince" shi a bayan kabad. Amma makon suna ne, kullum akwai zirga-zirgar safe, yau asibiti, gobe kasuwar raguna. Duk yamma sai in tsaya da bargon a hannu ina auna Hajiya da Dattijuwa, kuma kwana biyar a jere Dattijuwa ce take cin zaɓe.

Ranar Alhamis, ana gobe suna, Hajiya ta ce in kai ta unguwar Gangare da wuri wurin wata ƙawarta da za ta yi mana masar suna. Na yi shirin fita kafin ta gama lazimi in zare bargon. Ina buɗe ƙofa sai na gan ta tsaye jikin mota, da jakarta da carbinta, hannunta ɗaya a kan bonet.

"Na ce gara in jira ka a nan, kada in makarar da kai makaranta," in ji ta.

Na tsaya da makulli a hannu, na yi lissafi irin na malamin kimiyya. Daga Kwararafa zuwa Gangare tafiyar 'yan mintoci ce. Inji ya kwana cikin sanyi, kafin ya yi zafi mun isa. Bargon kuma na naɗe shi nesa da fanka. In na sauke ta sai in zagaya lungu in cire. Na buɗe mata ƙofar baya, na murza makulli, mota ta tashi.

Mun fito daga layi ke nan sai ga Baba Pam a bakin hanya da jakar kayan aikinsa, yana jiran keke napep. Na kafe idona a kan titi kamar ban taɓa ganinsa ba.

"Malam, ba maƙwabcinku ba ne wancan, da ya zo barka jiya?" Hajiya ta ce. "A rage masa hanya mana, sanyin nan ba na tsayuwa ba ne. Fara kai shi, ni ba sauri nake ba."

Wa zai ce wa surukarsa a'a? Baba Pam ya shigo gaba yana "Sannu Mama, ya jika?" Muka juya zuwa Congo-Russia, muka faɗa cikin cunkoson masu kai yara makaranta. Idona yana kan allurar zafin inji, tana hawa a hankali.

Baba Pam ya ja hanci. "Oga Ticha, wani abu yana ƙonewa."

"Masu ƙosai ne," na ce.

"Ƙosai ba ya warin roba."

"Shara ake ƙonawa a bayan can."

Hajiya ta yi tari. Wani mai keke ya matso kusa da tagata yana nuna gaban motar da hannu. Sai ga hayaƙi yana fitowa ta gefen bonet, fari, siriri, sannan ya yi kauri. Na gangara bakin titi kusa da teburin wani mai shayi. Baba Pam ya dira, ya fitar da Hajiya, ya ce in ja bonet. Na ce a bari ya huce tukuna. A shekara takwas na maƙwabtakarmu ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai ranar. "Ja bonet, Oga!"

Na ja, Baba Pam ya ɗaga shi. Mai shayi ya sheƙa bokitin ruwan wanke kofuna. Da hayaƙin ya washe, mutum ya kai ashirin a kewaye da mu, kowa yana leƙe. Baba Pam ya sa filaya ya jawo abin, ya ɗaga shi sama yana ɗiga. Rabi ya narke ya yi baƙi. Ɗaya rabin kuwa, don ƙarin wulaƙanci, jajayen furanninsa suna nan raɗau.

Wani ya tambaya ko kwana nake yi a cikin injin. Aka yi dariya. Ni dai takalmina nake kallo.

Hajiya ta matso, ta kama gefen bargon da yatsu biyu, ta juya shi, ta daɗe tana dubawa. Na so ta yi faɗa, da na ji sauƙi. Sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ashe nan mai wankin ya ajiye shi."

Baba Pam, Allah ya saka masa, ya sunkuya cikin inji don ya ɓoye dariyarsa. Ya taɓa kan batir da yatsa ɗaya, abin ya yi lilo. Ya kira ni, ya nuna mini farin garin da ya taru a wurin. "Ka gani? Ya kwance. Da sanyi ba ya kama wuta. Kullum da kake danna bargo a nan, kai ne kake matse shi da hannunka." Ya kankare garin, ya ɗauko sifana lamba goma, ya ɗaure. Bai kai minti biyu ba. Wayoyi biyu da suka ɗan narke ya naɗe su da tef. Tun daga ranar Dattijuwa ba ta sake neman turi ba, balle bargo.

Da yamma na je na ba mai wanki haƙuri, sannan na durƙusa a gaban Hajiya na faɗi komai. Abin da ya fi ci mini rai ba dariyar titi ba ce. Na san wanda ya saya mata bargon, na ga tana rawar sanyi kwana biyar, kuma na iya yin barci. Ta ce ta yafe, ta ce mijinta Alhaji da yana raye shi zai fi kowa dariya, ta share ido da gefen mayafi. Kafin ta koma Kano ta wanke rabin da ya tsira, ta yanke, ta ɗinke bakinsa da hannu, ta naɗe jaririn a ciki.

Na koyi cewa in mai sifana ya ce kawo in duba, to a kai masa, allo ya jira. Amma Hajiya ba ta bar ni na koya a ɓoye ba. Yaron yanzu yana aji biyu, kuma har yau duk lokacin sanyi in ta kira waya, sai ta gaida Binta, ta gaida yara ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce a ba ni.

"Malam, ya mutuniyar? An dai rufa mata wani abu ko?"