Lambobi Shida a Wayar Haliru

"Lahiya lau, gida lahiya... Raliya, aje gaisuwag ga, duba min waya."

Haliru ɗan kabu-kabu ne mai haya da babur, tsakanin Bagudo da ƙauyukan Benin yake kai-komo, kuma ba kowane buhun da ya ɗauko ne kwastan suka taɓa gani ba. Jiya ya shiga wani shafin labarai don ya ji ko za a tsaurara iyaka, shafin ya ce sai ya yi rajista. Bawan Allah ya zuba suna, unguwa da lambar waya. Nan take saƙo ya faɗo da Turanci, ga lambobi shida. Hankalinsa ya tashi, ya tabbata hukuma ta gano shi. Shi ya sa ya yi sammako wurin Raliya, 'yar kawunsa, malamar firamare, taubashiyar da ba ta raga masa.

Ta duba, ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Bawan gidanmu, kai da hannunka ka rubuta sunanka?"

"Su sunka ce sai na sa!"

"Har da unguwa?"

"Har da ita."

"To wagga lamba ta ɗakinka ta a gidan yari. Sun ma yi maka kirki, kusa da taga."

Ya zauna a kan turmi. "Labari kawai ni so in karanta! A kasuwar Dole Kaina wa ka tambayar sunanka kahin ka ji zance?"

"Gidan mutane ka shiga, sunka ce wane ne, mi al laihinsu? Babur ɗin dai ka bar min. Matarka kuma in samo mata miji mai wanka."

"Wa zai karɓi miji daga hannunki? Ke da naki ya rame don tuwonki!"

"Ka ga, ɗan fursuna da baki!"

Sai ya lura kafaɗunta na rawa, ta toshe baki da mayafi.

"Raliya, don Allah."

Dariya ta ƙwace mata. "Sakarai, lambar buɗe shafin ta! Da ka shigar da ita, da ka karanta labarinka. Kwastan ba su san da kai ba, ko akuyar gidanku ba ta san da kai ba."

Haliru ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, daɗi ya rufe shi har ya ji ƙwalla. Ya tashi ya kwance abarba biyu daga bayan babur, ya dire mata.

"Kin ci ni. Karɓi, muguwa."

"Lambar ma ta mutu tun jiya. Kawo in sake maka rajista."

Ya fizge wayarsa yana dariya, ya tada babur. "Allah shi kiyaye! Tasha za ni. Mai shayi zai ba ni labarin yau har da na gobe, kuma bai taɓa tambayata unguwarmu ba."