Surukaina na Waca

Ina sabon mushen lakwal, wato malamin makaranta, a Waca na tsinci wani wasan lissafi a jaridar Faransanci: ka jera duwatsu biyar a gurabe, kana ɗauka kana ƙarawa bisa ƙa'ida, sai su kama tafiya kamar ayari. Na tara dattawan dara, na rantse musu in ayari biyu suka yi karo, sabon fasali za su haifa. Tun hantsi nake tsugune. Ashe ban ƙirga guraben daidai ba. Dab da la'asar ayarin biyu suka wuce juna, ko taɓawa babu.

Baba Ilu, ɗaya daga cikin dattawan, ya gyara hula. "Mushe, ai surukai ne, kunya suke ji."

Har na yi furfura, ran kasuwa sai an tambaye ni ko surukaina sun gaisa.