Takalmin Ango da Fayil ɗin Lasisi

"...lafiya lau, Dulabhai, sai dai fuskarka ta ƙaryata bakinka," in ji Rumki, da kiran da ake yi wa mijin yaya, tana kakkaɓe lemarta a bakin ƙofa.

Mizanur ya yi wuf ya kife wayar. Tun da likita ya hana matarsa Shefali tashi daga gado saboda tsohon ciki, dariya ta ƙaurace mata, abin kuwa yana cin ransa. Abu ɗaya ta roƙa: wasan tseren da suka saba yi da marigayi yayanta a 'yar na'urar wasa ta hannu, wadda ta daɗe da lalacewa. Gogan naka, mai sayar da rigunan waya a kasuwar Barishal, ya bugi ƙirji. Ya sauke manhajar da ke kwaikwayon na'urar, amma wasan ya cije, wai babu lasisi. Ana cikin haka sai ga Rumki ƙanwar matarsa, abokiyar wasansa.

"Kawo in gani, injiniyan rigar waya."

"Tafi can, 'yar jami'ar da ke ƙona ruwan zafi! Ni da wayoyi ke gaishe ni in na ratsa kasuwa?"

"Telansu suke gaisarwa. Ka ce za ka haɗiye gatari, ga shi na riƙe maka ƙota."

"Damina ce ta shiga wayar."

Ta fizge ta, ta dudduba. "Ina ɗan fayil ɗin da ke tare da wasan, wanda na kwafo daga na'urar kafin ta mutu?"

"Wannan ɗan mitsitsin? Na share shi. Hotunan kifin da na sayo nake nema wa wuri."

"Innalillahi! Ai shi ne lasisin! Ka gina gida ka jefa makulli a kogi. Ɗan hakin da ka raina..."

"Rufe min baki. Kina da wani?"

"Ina da shi. Ka tuna takalmanka ranar bikinka?"

Ya tuna sarai. Ƙannen amarya sun sace takalmin ango kamar yadda aka saba, sai ya fansa. Shi kuwa rowa ta sa ya zura silifas ɗin mai dafa abinci ya sulale da amaryarsa.

"Ɓarauniya!"

"Marowaci! Ango da silifas mai maiƙo!"

"Duk wanda ya aure ki sai na yi masa jaje."

"Yaya Shefali ma har yau jajen muke mata."

Daga ɗaki muryar Shefali ta fito a raunane: "Ya yi kuwa?"

Mizanur ya dubi labulen ɗakin, tausayinta ya kama shi. A hankali ya ce, "Faɗi fansarki."

"Tukunyar alawar roshogolla, mai zuma har baki. Sannan ka ce Rumki ta fi ni."

"Rumki ta fi ni... surutu."

"Na karɓa, ciniki da marowaci sai haƙuri."

Ta tura fayil ɗin, ta ajiye shi a gurbinsa, ta sake saka wasan daga farko. Sai ga kiɗan tseren ya tashi. Ta ɗaga labule ta shige da wayar. Jim kaɗan ya jiyo Shefali ta kece da dariya, irin wadda ya yi kewa. Ya share ido da gefen zanin da ya ɗaura irin na mazan garin, ya nufi ƙofa don ya cika alkawari.

Babu takalma.

"Rumki!"

"Silifas ɗin banɗaki na nan, Dulabhai. Ai ka saba!"

Ya tuntsire da dariya, ya faɗa cikin ruwan sama ƙafa ba takalmi.