Titi a Tsakiyar Kan Kawu Sallau

Wani mutum ne a layinmu, Sallau, amma in ba ka ce masa Injiniya ba ko waiwayowa ba ya yi. Kawuna ne, ƙanen mamata, don haka don Allah kar ku ce a bakina kuka ji. Wata uku kacal ya yi a shagon masu gyaran sola, amma in ya buɗe baki sai ka rantse shi ya haɗa wa rana waya.

Ran Asabar ɗin da zai je gaida iyayen budurwarsa da la'asar, ya shiga shagon Ilu mai aski, nan jikin tagar ɗakinmu. Kilifar Ilu da batirin sola take aiki. Batirin ya fi ƙarfinta nesa ba kusa ba, shi ya sa aka sa wani ɗan akwati a tsakani yana rage wutar.

Kilifa na zuuu a hankali, Kawu ya ja tsaki.

"Ilu, aski kake ko lallashi? Miƙo akwatin nan."

"Injiniya, bar shi. Lafiyarsa ƙalau."

"Ni za ka koya wa?"

Ya ɓalle murfi, ya nuna wata siririyar waya.

"Ka ga wannan? Munafuka ce. Ita ke leƙa wutar da ke fita, ta koma ta kai wa akwati gulma, wai ta yi yawa a rage. Yau gulma ta ƙare."

"To in ba ta faɗa masa ba, ta ina zai san ya isa?"

"Ni na sani ai!"

Ya ɗauki almakashi, ƙyas! Ya koma kujera ya harɗe.

"Kunna ka ga aikin ilimi."

Wiiiii! Kilifa ta ɗau kuka kamar injin markaɗe. Ta fizgi hannun Ilu, ta shara daga goshi har ƙeya.

"Ka ji ba? Ka ji ƙarfi ba?" in ji Kawu, yana washe baki.

Fus! Hayaƙi. Wari. Shiru.

Ilu ya jijjiga kilifa, ya hura mata iska, ya buga ta a cinya. Ko motsi.

"Ɗauko wata mana!"

"Wata ina? Ita ke nan gare ni, Injiniya."

Kawu ya kalli madubi. Suma tsibi a dama, suma tsibi a hagu, tsakiya fayau sai ƙyalli. Ya shiga lalubar hularsa.

Sai ga sallama. Malam Barau ne, mahaifin budurwar Kawu, shi ma ya zo a gyara masa fuska saboda baƙin la'asar.

"Ilu, me ya ƙone haka?"

Ilu ya juya wajen Kawu. Da haɓa kawai ya nuna.

Malam Barau ya zagaya kujerar sau ɗaya, a hankali, yana leƙen kan. Kawu ya zame ya durƙusa.

"Sannu da aiki, Injiniya," in ji dattijon. "Titin dai ya miƙe sosai. Ta nan za ka biyo zuwa gidan namu?"