Gwangwanin Alhaji Sabo

"Ni da na tsufa ina auna hatsi a Dawanau, ni za a koya wa cikin yaro? Ku tsayar mini da yaro daga nesa, in dube shi sau ɗaya, in faɗa muku lomar da za ta ƙosar da shi!"

Da wannan magana Alhaji Sabo ya buɗe taro, alhali ba shi aka ce ya buɗe ba. Mai karatu, idan ba ka taɓa ganin Alhaji Sabo ba, ka kwatanta buhun wake da aka sa wa babbar riga da hula, aka koya masa magana, aka manta ba a koya masa shiru ba. A ƙauyensu na Tsamiyar Gwani, can tsakanin Ɗanbatta da Kunci, a gabansa Masani ake ce masa. A bayansa kuwa Ganga, domin ƙara ce mai yawa, ciki ba kowa.

Ƙaramar hukumarsu ce ta kafa kwamitin ba da shawara a kan ciyar da 'ya'ya bayan rabuwar aure, saboda ƙorafin iyaye mata ya yi yawa. Aikin kwamitin shi ne ya tsayar da ma'aunin abincin da ya kamata uba ya riƙa aikawa, wata jami'a ta zo daga Kano ta duba, in ta gamsu a yi aiki da shi. Yadda aka yi Alhaji Sabo ya sami kujera a ciki kuwa, wannan sai a tambayi waɗanda ya yi wa zarya. Ni ba a yi mini tarbiyyar bin diddigin mutane ba.

"Gero gwangwanin madara guda ga kowane yaro a yini," in ji shi, yana dukan tebur. "Ya isa, har a ci da safe. Duk kukan da kuke ji ɓarnar mata ce. Su watsa wa kaji, su miƙa wa maƙwabta, su zo suna cewa uba bai kyauta ba."

Hajiya Ramlat, tsohuwar shugabar makarantar 'yan mata, ta sauke tabarau ta dube shi.

"Alhaji, geron ne kawai? Ba wani abu a gefensa?"

"Me za a sa a gefensa, Hajiya? Kilishi? Ai ni kaina, da girmana da tumbina, gwangwani guda ya riƙe ni."

"Madalla. Gani ya kori ji. Ranar Alhamis da la'asar jami'ar za ta iso. A ranar a kawo maka yara uku tun da safe, kai ne na huɗu, kowa da gwangwaninsa. Tun da mata ne maɓarnata, kada mace ta sa hannu. Abin da ba ya cikin ma'auninka kuma ba za a taɓa shi ba."

Malam Yahya, sakataren kwamiti, ya yi ta ƙyafta masa ido. Ina! Ganga ta riga ta ɗauki sauti.

"Na yarda! In ya gaza, na bar kujerar nan, a rubuta ma'aunin da kike so."

Labari ya isa gida, ya shiga kunnen matarsa Hajiya Uwa. Ranar Alhamis da hantsi ta yafa mayafi, ta ce za ta Kunci gaida yayarta. Sai dai an ce har ta hau mota kafaɗunta na rawa don dariya.

Ba a jima ba ga Nazira, wata bazawara daga cikin masu ƙorafi, da 'ya'yanta uku: Muhsina babba, sai Naziru, sai autansu Jamil. A bayansu Hajiya Ramlat ce da tabarmarta da carbinta. Ta shimfiɗa a gindin darbejiyar tsakar gida, ta auna gero gwangwani huɗu a ƙwarya, ta zauna.

"Alhaji, ga amana nan," in ji Nazira. "Amma ka sani, Jamil bai san ma'anar anjima ba."

"Tafi abinki, yau za ki ga tattali."

Ko ƙofar zaure ba ta fita ba Jamil ya kama gefen babbar riga. "Baba Alhaji, koko."

"Anjima."

Yaro ya buɗe baki. Aka ji shi har masallacin unguwa.

Alhaji ya tuɓe babbar riga, ya juye gero a turmi, ya ɗaga taɓarya sama kamar zai kashe kura. Da ya sauke ta, gero ya yi tsalle ya watsu tsakar gida. Kajin Hajiya Uwa, waɗanda ba su halarci taron kwamiti ba balle su san ma'auni, suka yi caa a kai.

"Kai! Shu! Ɓarayin banza! Hajiya, a ƙaro mini, wannan ai hatsari ne."

"Hatsari ba ya cikin ma'auni, Alhaji."

Ya durƙusa yana tsintar ƙwaya yana kokawa da zakara. Abin da ya tsira ya surfa shi sama-sama, ya bushe dusa a faifai, sai ya ga geron ya sake raguwa. Ya leƙa ƙarƙashin faifan ko akwai huda. Babu.

Ya ɗauki ƙwarya ya nufi inji, yara uku a bayansa kamar 'yan rakiyar amarya. Mai inji ya leƙa ƙwaryar, ya leƙa fuskar Alhaji.

"Masani, magani za a haɗa?"

"Niƙa za ka yi, ba tambaya ba."

"To, amma wannan ko haƙoran injin ba zai cika ba."

Aka zuba, inji ya yi gurnani ya lashe rabonsa, ya tofo ɗan gari kamar wanda aka roƙa. Alhaji ya rantse an yi masa sata, har ya zura hannu cikin bakin inji yana kakkaɓowa. Ya fito fari fat tun daga gemu har gira.

Da suka dawo ya nufi tarin itacen matarsa. Carbin Hajiya Ramlat ya tsaya.

"Itace yana cikin ma'auni?"

"Haba Hajiya! Da rana zan dafa?"

"Kai ka ce gero kawai. Uwar yaran nan ma haka ake aika mata."

Alhaji ya yi tsaye yana huci. Can dabara ta faɗo masa, irin dabarar da ke zuwar wa mutum idan Allah ya tashi kama shi. Ya dubi dangar karan da ta raba gidansa da na maƙwabta.

"Wannan dai ba itace ba ne, katanga ce!"

"Katangarka ce, Alhaji, yi yadda ka so."

Ya fizgi kara ya hura wuta. Wutar kara kuwa ba ta da alkawari, yanzu ta tashi yanzu ta mutu. Ya sake fizga, ya kuma fizga, har danga ta yi ƙofar da jaki zai wuce da kaya. A Tsamiyar Gwani gida na jingine da gida ne, in ka yi atishawa maƙwabci ke amsawa. Kafin ruwa ya tafasa, matan gidaje uku sun jeru a bakin kafar da tsintsiya a hannu, wai shara suke yi.

"Sannu da aiki, amarya!" wata tsohuwa ta ɗaga murya. "A dai rage hayaƙi!"

Da ya ga garin ba zai yi tuwo ba, balle ga shi babu kuka babu daddawa babu ko gishiri, sai ya ce ai kunu ya fi lafiya ga yara. Ya cika tukunya da ruwa, ya zazzaga garin duka. Abin da ya fito, mai karatu, ruwa ne a sama, gudaji a tsakiya, ƙauri a ƙasa.

Muhsina ta kurɓa, ta dubi ƙoƙon. "Baba Alhaji, ina ganin fuskata a ciki."

"Sha, albarka ce."

Suka sha, cikinsu ya ɗauki ƙugi kamar tulu a kan jaki. Suka zaga bayan gida suka dawo, yunwa ta dawo tare da su. Jamil ya sake buɗe baki.

Nan Alhaji ya ƙulla dabara ta ƙarshe. Ya ja Naziru gefe ya rage murya.

"Azahar ta yi, maƙwabta sun sauke tukunya. Ku bi ta kafar nan ku gaishe su. Ku yi gaisuwa mai tsawo, kada ku yi gaggawa. Zumunci ibada ne."

Suka tafi. Alhaji ya shafa tumbi, ya dubi ragowar kunun da ya ɓoye wa kansa a tukunya, ya yi murmushi. Abin da ya manta shi ne, a ƙasar Hausa gaisuwa ba ta kwana ba a mayar ba. Naziru ya shaida wa maƙwabta cewa gwamnati ce ta sa Alhaji ciyar da yara. Ba su zauna ba suka juyo, a bayansu kuwa duk wani yaro mai ƙafa a unguwar, kowa da ƙoƙonsa, wasu da ƙanne a goye.

"Innarmu ta ce a gaishe ka, ta ce a zuba mana da kauri."

"Wa ya kira ku? Hajiya, waɗannan ba sa cikin lissafi!"

"Kore su mana, Alhaji," in ji Hajiya Ramlat. "Ga iyayensu can suna kallo."

Ya waiwaya. Kafar danga ta cika da idanu. Mutumin da ake kira Masani ya kori yaro daga bakin tukunya a gaban mata? Gara a ce ya mutu. Ya ɗauki ludayi, ya rabar da rabonsa kaf yana kallo.

La'asar ta yi Alhaji bai sa komai a bakinsa ba sai hayaƙi. Idanunsa suka faɗa. Ya saci kallon Hajiya Ramlat, ya ga kamar ta yi gyangyaɗi. Ya lallaɓa ya ja tukunya bayan rumbu, ya zura kai ciki, ya shiga kankarar ƙanzo da cokali. Sai ya ji an riƙe ɗaya kunnen tukunyar. Jamil ne.

"Nawa ne!"

"Sake, ɗan nema! Kai ka sha sau biyu!"

"Nawa ne!"

"Wallahi gwangwanina ne a ciki!"

Suna cikin ja-in-ja aka yi sallama. Malam Yahya ne ya shigo da Hajiya Ihsan, jami'ar da ta zo daga Kano, Nazira na biye da su. Hajiya Ihsan ba ta taɓa ganin Alhaji Sabo ba. Abin da ta gani shi ne wani ƙato a zaune a ƙasa, daga shi sai singileti, gemu fari da gari, goshi baƙi da tukunya, idanu na hawayen hayaƙi, yana ƙwace da yaron da bai kai cibiyarsa ba.

Ta daɗe tana kallo, sa'an nan ta juya wajen Hajiya Ramlat.

"Hajiya, waɗannan ukun ga mahaifiyarsu na gani. Wannan babban fa, da ya fi kowa jin jiki?"

"Ranki ya daɗe, shi ne mai ma'aunin."

Alhaji ya yunƙura zai miƙe ya yi jawabi, cikinsa ya riga shi, da ƙarar da har kaji suka watse.

"Ya isa, na ji bayaninka," in ji Hajiya Ihsan. "Malam Yahya, ma'auni ya faɗi, kujera ma ta faɗi. Amma kafin mu tashi, a nemo mini uban wannan bawan Allah. Da shi za mu fara."