Yadda Za Ka Horar da Motar da Ta Rantse Sai Ta Tsare Ranka

Kai da ka sayo motar kamfanin nan da ake cewa ba ya barin mutum ya mutu a ƙarfensa, ina taya ka jaje. Bi matakan nan, mutuncinka zai dawo tabbas. Awaisu na Gozaki ya gwada su, lokacin da majalisar abokansa ta laƙaba masa suna Ɗan Goye saboda mota tana ɗaure shi, kuma ana shirin hana shi ɗaukar amaryar abokinsa Murtala zuwa Malumfashi. Wa zai ba wa goyo amanar amarya?

1. Ɗaure kujera, ka saki kanka

Zagaya da bel ta bayan kujera ka maƙala. Motar za ta daina tsuwa, sitacin babbar riga ya tsira. Fasinjan da ya jawo nasa kuwa, tambaye shi ko tuƙinka ne bai yarda da shi ba. Awaisu ya yi wa kawunsa wannan tambaya, dattijo ya saki bel har da ba da haƙuri.

2. Rufe mata ido

Motar tana da idanu gaba da baya, kamar maƙwabciya. Liƙe su da sitika. Awaisu ya liƙe duk wanda ya gani. Lamidi mai gyaran waya a Funtua ya ce masa akwai saura ɗaya a ɓoye bayan tambarin gaba. Awaisu ya ce ba ya taɓa tambari, ai shi ake kallo.

3. Gyara lissafin Bature

Ya ce mutum biyar. Bai san biki ba. Awaisu ya zuba amarya, ƙawaye huɗu, gwaggonta Tsohuwa a gaba da kwanon alkaki a cinya. Masana sun tabbatar matsi ya fi bel riƙo.

4. Kada a wuce ka

Motar amarya ba ta shan ƙurar kowa. Taka mai, danna hon, juya baya ka amsa guɗa. Awaisu yana juye a daidai garin Dayi amalanken shanu ya shigo titi da buhunan masara. Idon da ke bayan tambari ya gani, motar ta take birki da kanta. Tsohuwa ta sumbaci gilashi, alkaki ya yi ruwa a kan ƙawaye, shanun suka dube su suka wuce.

5. Karɓi yabo da sauri

Nan Awaisu ya makara. Kafin ya ce ƙwarewa ce, Tsohuwa ta dafe ƙulun goshinta ta ce, “Ɗan nan, ƙafarka na kan mai, ina gani. Motar ta fi ka hankali.” Ta jawo bel ta ɗaura, ta sa shi ya ɗaura nasa, a haka suka shiga Malumfashi a gaban majalisa kaf. Yanzu duk bikin da za a yi, motar ake nema, da sharaɗin wani ya tuƙa.

Gargaɗi

Marubuci ba ya ɗaukar alhakin goshi, alkaki ko shanu. Matakan ma ba nasa ba ne, ya koye su ne wurin direban da ya ɗauki Hansai, matar marubucin, zuwa wani biki a kan wannan titi. Mutum ne mai ladabi, ya girmama ta da kujerar gaba. Tasa motar ba ta da ido bayan tambari, Hansai kuwa ba ta dawo daga bikin ba.